Zobban Toka a Lungun Injin Niƙa

Ku yaran yanzu, da zarar mutum ya saƙala testa, abin gwada wuta, a aljihun gaba, ya iya ɗaura ƙwai a soket, shi ke nan ya zama injiniya. Jiya ma wani ya tsaya a bakin shagon nan yana ce wa abokinsa ai wayarin ba wani aiki ba ne, ja da baƙi ne kawai, ka haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, ka karɓi sallama. Ban tanka masa ba, don ba ni ya tambaya ba. Amma tunda ku kun zauna, bari in ba ku labarin wani aiki da ya kusa raba ni da sana'ar nan tun ban yi ƙwari a cikinta ba. Kuma abin a ƙasa ya faru, ƙasar nan da kowa yake takawa, a wani lungu a Gyaɗi-Gyaɗi.

Lokacin da na zo Tarauni ina ɗan shekara ashirin, rabin unguwar gonaki ne. Ka fito daga gida ka faɗa cikin gero, ka fita daga gero ka tarar ana aza harsashin gini. Wurin Malam Habu na koyi aiki. Tsohon soja ne, can ya koyo lantarki, kuma bai bar halin soja a bariki ba. Akwatin aikinsa na katako ne: filaya, sukundireba uku, guduma da kurfi na fasa bango, baƙin tef, safar hannu ta roba, rambut, sai wata mita mai allura a cikin jakar fata. Shekara biyu na yi a shagonsa kafin ya bar ni na ɗauki mitar nan, ba ma in yi awo da ita ba, in dai miƙo masa. Duk wanda ya yaye, filaya sabuwa yake ba shi da hannunsa, kuma da sharaɗi ɗaya da yake maimaitawa a gaban kowa.

"Duk ranar da aikinka ya ɗauki rai, ko na kaza ne, ka dawo min da filayata. Ka je ka nemi wata sana'ar."

Ba wasa yake yi ba. Na san mutum ɗaya da ya mayar da tasa, ya koma sayar da kananzir.

Wata rana da hantsi, babu aiki, muna zaune sai ya nuna min wata kurciya a kan wayar falwaya.

"Isiyaku, me ya sa wutar ba ta kashe ta?"

Na ce, "Ƙafarta ce ba ta ɗaukar wuta, Malam."

Ya ce, "Kanka ne dai ba ya ɗaukar karatu. Tashi ka ɗebo min yashi."

Ya sa na jiƙa yashin da ruwan gishiri, na baje shi a kan wani faffaɗan katako. Ya kafa ƙusa a tsakiya, ya kewaye bakin yashin da waya tsirara, ya jawo batirin mota, ya haɗa kai ɗaya da ƙusar, ɗayan da wayar gefe. Sannan ya ba ni bakunan mitar guda biyu. Ya ce in soka ɗaya a yashin in bar shi a nan, in riƙa yawo da ɗayan har sai na sami wurin da allurar za ta kwanta ba ta motsi. Duk inda ta kwanta in kafa tsinken tsintsiya. Na yi ta yi ina jin haushi a raina. Da tsinkayen suka kai goma sha wani abu, sai na ga sun kewaye ƙusar sun yi zobe. Ya sa na matsar da bakin farko kusa da ƙusar na sake, wani zoben ya fito a cikin na farko. Na sake, na uku ya fito.

Ya ce, "To, ka taɓa hawa Dutsen Dala? Wuta ma tudu gare ta. Ƙusar nan ita ce ƙololuwa, wayar gefe ita ce gindin dutse. Kowane zobe hanya ce da ta kewaye dutsen a hawa ɗaya, ba hawa ba gangara. Shi ya sa allura ta kwanta, don ita bambancin hawa kawai take aunawa. Kurciyar can ƙafafunta biyu a hawa ɗaya suke. Ko wutar ta kai nawa, ba abin da zai tura ta ta cikin jikinta."

Ya sa yatsa ya ja layi daga ƙusar zuwa gefe, ya ratsa zobban duka.

"In aka yi ruwa a kan dutse, ba ya bin hanyar da ta kewaye. Yanke ta yake yi ya gangara. Turin wuta ma haka yake, daga tudu zuwa kwari, kuma kullum a miƙe yake ratsa zobe, kamar zaren tsaye da na kwance a saƙa. In ka sami zobe, ka sami inda wuta ta dosa. In ka bi layin baya, zai kai ka inda ta fito."

Ya nuna min yadda allurar take komawa baya in na juya bakunan, ta haka kake sanin wane gefe ne sama. Ya nuna min kuma zobban kusa da ƙusa a matse suke, na nesa a warwatse. Inda suka matsu, nan gangaren ya fi tsanani. Ya ce wutar gida kai da komo take yi, ba kamar ta batir ba, amma layin da take bi ɗaya ne, zobban ma suna nan. Na gyaɗa kai na ce na gane. A zuciyata kuwa cewa nake, wannan duk iyayin tsohon soja ne. Wane Alhaji ne zai kira ka don ka zana masa zobe? Fitila yake so ta kama.

Kuma gaskiya fitila suke so. Masu ba mu aiki a lokacin iri biyu ne. Akwai ma'aikatan gwamnati da suka sami fili a Tarauni, su tsaya a kanka da hannu a aljihu suna tambayar me ya sa ka bi da waya ta nan ba ta can ba. Akwai 'yan kasuwa, su ba ruwansu da inda ka bi, in dai ƙwan zaure ya fi na maƙwabci haske. Dukkansu abu ɗaya ne ba sa son ji, wato wayar ƙasa, wadda muke ce wa at. Ita ba ta kunna komai. Aikinta shi ne in wuta ta ɓalle ta hau jikin ƙarfen inji ko na dutsen guga, ta janye ta zuwa cikin ƙasa. Rami ake haƙawa, a kafa bututun ƙarfe, a zuba gawayi da gishiri don ƙasar ta riƙe laima, a ɗaura wayar a jiki. Malam Habu ya koya mana ramin ya yi zurfin tsayin mutum, gishirin ya tsaya can ƙasa, a yi shi a cikin gida, a rufe bakinsa da siminti.

An yaye ni a shekarun farin nan da ya ci arewa. Ku ba ku ga wannan ba, Allah kada ya nuna muku. Rijiyoyi suka ja baya, mutanen ƙauye suka yi ta shigowa gari da abin da ya rage musu. Mu namu farin a ramin at muka gan shi. Ka haƙa ka haƙa, ƙasa a bushe ƙamas kamar toyayyen bulo, ka kafa bututu ka gwada, kamar ka kafa shi a iska. Aiki ma ya yi wuya, don wanda yake neman hatsi ba ya neman mai wayarin.

A wannan tsakanin ne na sami aikina na farko da sunana. Alhaji Bala, wani ɗan kasuwar hatsi a Gyaɗi-Gyaɗi, ya sayo injin niƙa mai aiki da lantarki, ya kafa a wani ɗaki a jikin gidansa, ƙofar tana kallon lungu. Na ja masa waya, na ɗora moto mai juya injin a kan gungumen katako, bel ya haɗa shi da injin. Aiki tsaf, har yau ba na jin kunyarsa. Da aka zo ramin at, sai Alhaji ya ce tsakar gidansa sabon siminti ne, ba mai fasa masa. Da Malam Habu ne, da ya naɗe kayansa ya tafi. Ni kuwa sabon yaye, ga shi Alhajin yana maganar ba ni wayarin wani gida da yake ginawa a Tarauni. Na ce ba komai, na fita lungu na haƙa a gindin bango ta waje. Da na kai ƙugu sai na ci karo da marmara, diga tana ta tsalle. Na tsaya a nan, na kafa bututu. Don in rama abin da zurfi bai ba ni ba, na narka gishiri, ya kai rabin buhu, na cakuɗa da gawayi har kusan baki, na tuttula ruwa, na ja ƙasa na rufe. Na gwada, ya yi kyau. Har ina yaba wa kaina dabara.

Injin ya yi wata tara yana aiki lafiya. Damina ta dawo, ta gaske wannan karon. Wata ranar Talata bayan azahar aka aiko Alhaji yana nemana maza-maza.

Na tarar da lungun cike da mutane. A bakin lungun, kusa da falwayar da ta ba gidan wuta, an jawo mushen wata jaka an yar. Mai ita yana tsugune a gefe, wani dattijo siriri, Baba Tanko. Na san shi da gani. Fari ne ya koro shi daga ƙauye da jakuna biyu, mace da namiji, yana ɗebo ƙasa da yashi yana kai wa magina a Tarauni. Lungun nan ne hanyarsa safe da yamma. Namijin yana can nesa a ɗaure, ya miƙe kunnuwa.

Kowa da abin da yake faɗa. Wannan ya ce maciji ne, wancan ya ce ai lungun dama ba lafiya, tun da aka sare tsamiyar da ke wurin. Wata mata da ta kawo niƙa ta ce kwana uku ke nan in ta tako wurin ba takalmi sai ta ji kamar tururuwa na bin ƙafarta. Wani malamin makaranta, maƙwabcin Alhaji, ya ce wannan ba sai an faɗa ba, falwaya ce take zubar da wuta, a rubuta takarda a kai ofishin masu wuta. Alhaji ya karɓe zancen nan da hannu biyu. Duk wannan surutun ba wanda ya waiwayi mai jakar ya tambaye shi inda ta faɗi. Ni ma ban tambaya ba.

An kashe injin tun da abin ya faru. Na ɗora testa a jikin falwaya, shiru. Na taɓa bango, na taɓa ƙofa, shiru. Amma maganar matar nan ta tsaya min a rai, kuma na san ruwa ba ya tsami banza. In wuta ce, to gida ɗaya ne a lungun yake da ita, kuma mutum ɗaya ne ya ja ta. Filayata tana aljihu, na ji ta yi min nauyi. Na ce a tare lungun da igiya, kada a tayar da injin sai na dawo.

Washegari da safe na je aron mita. Malam Habu ya saurare ni har na gama. Ya ɗauko jakar fatar ya rataya, ya hau kekensa ya ce mu je. Da muka isa ya miƙo min mitar, ya nemi benci a gindin wata bishiyar dogon yaro ya zauna, ya ciro asuwaki.

"Aikinka ne," in ji shi. "Ni kallo na zo yi."

Na sa rambut da safar hannu. Na kafa rodi ɗaya can cikin wata gonar gyaɗa, taku hamsin daga lungun, inda na tabbata ƙasa ba ta ɗauke da komai. Na jawo doguwar waya daga shi zuwa mitar, ɗaya bakin kuma na ɗaura a wani guntun rodi da zan riƙa sokawa. Na roƙi kwanon toka a maƙwabta. Mutane suka jeru a bayan igiya, har da Baba Tanko a can ƙarshe. Na ce a tayar da injin.

Gindin falwaya na fara sokawa, kuma wallahi addu'a nake yi allurar ta tashi. Da ƙyar ta motsa. Na shiga cikin lungun taku uku na soka, ta ɗaga zuwa volt biyar. Na ƙara gaba, goma. To ƙasar tana ɗauke da wuta, wannan ya tabbata. Sai na koma aikin yashi da tsinken tsintsiya, wanda na raina. Na bi wurin ina neman duk inda allura za ta tsaya a kan goma daidai, in na samu in zuba toka. Tari bakwai, tari takwas, na haɗa su da layi. Rabin zobe ya fito, don bango ya yanke sauran. Ya juya wa falwaya baya, cikinsa yana kallon bangon injin.

Na nemi na ashirin. Ina cikin zuba toka sai na lura da sawun kofato a cikin taɓo, yana tafe tare da layina kamar an gwada. Ya shigo lungun a miƙe, ya zo nan ya karkace, ya bi lanƙwasar ya kewaye, sannan ya miƙe ya fita. Na ɗaga murya na ce, "Baba, wannan sawun na wane ne?"

Ya ce, "Na namijin ne, ɗana. Kwana uku ke nan in ya zo nan sai ya gicciye. Na doke shi, na doke shi, ya ƙi miƙewa. Na ɗauka taurin kai ne."

Jakin nan bai san mita ba, amma jiki magayi. In ya doshi bangon, ƙafafun gaba suna zobe ɗaya, na baya suna wani, bambancin ya bi ta cikinsa. In ya gicciye ya bi lanƙwasa, gaba da baya suna hawa ɗaya, sai ya ji sauƙi. Abin da Malam Habu ya yi rabin yini yana cusa min, jaki ya gano shi da kansa.

Da na gama zobe na uku, na arba'in, ban bukaci na huɗu ba. Zobban suna ƙanƙancewa, suna matsuwa, kuma duk wanda ya haƙa rami ya san inda ya haƙa shi.  Tsoro na ji, tsoro sosai. Mutanen da ke bayan igiya ba su san abin da layukan suke faɗa ba, su dai sun ga injiniya yana zuba toka kamar mai tsibbu.

Alhaji ya ɗago murya. "To, Malam Isiyaku, falwayar ce ko? Ga malam nan da takarda da biro, ka faɗa kawai ya rubuta."

Kalma ɗaya ce. In na ce ita ce, a kai takarda, kafin masu wuta su zo na lallaɓo na gyara abina, ba wanda zai sani. Na saci kallon gindin dogon yaro. Malam Habu yana ta goga asuwakinsa yana kallon wani wuri daban. Mutum ɗaya ne a wurin ya iya karanta tokar nan bayan ni, kuma ya ƙi ko ɗaga kai. Ba zan ce muku tsoron Allah kaɗai ne ya hana ni ba. Akwai shi, akwai kuma asuwakin nan.

Na ce, "Alhaji, a dakata da takarda."

Na ɗauki kara na tsaya a zoben waje. Na ja layi yana ratsa shi a miƙe, na ratsa na biyu, na ratsa na uku. Na koma wani gefen na ja na biyu, na koma ɗaya gefen na ja na uku. Duk ukun suka haɗu a wuri ɗaya a gindin bango. Na bi na tsakiya ina sokawa, ina jan ƙafa a haɗe, ba na buɗe taku. Sittin. Tamanin. A takun ƙarshe, tazarar da ba ta fi kamu biyu ba, allura ta yi tsalle ta kusa ɗari biyu. Na ce a kashe injin, ta faɗi ƙasa. A tayar, ta tashi. Na ce a kashe, a zare fis ɗin da ke tsinke wutar gidan gaba ɗaya.

Sai a lokacin na dubi wurin da idona. Ƙasar ta lotsa kamar ƙwarya, sumul, gefenta da farin busasshen gishiri, ga kan bututuna ya leƙo waje.

Baba Tanko ya tsallako igiya ya zo ya tsaya a kaina.

"Nan ne," in ji shi. "Nan jakar take lasa. Tun bazara, kullum muka zo wucewa sai ta ratse ta lasa. Na ce ko kanwa ce a wurin, na ƙyale ta, don tun da muka baro gida ban iya saya musu ba."

Ya tsuguna ya dangwali farin ya kai harshe.

"Gishiri ne."

Na ce, "Gishiri ne, Baba."

"Wa zai zubar da gishiri a ƙasa a shekarar nan?"

Na ce, "Ni na zuba."

Na juya na yi wa Alhaji da jama'a bayani, don ba sauran abin ɓoyewa. Bakin jakar yana kan bututu, ƙololuwar tudun ke nan, ƙafafunta na baya suna can waje a zobe na uku ko na biyu, ga ƙasa a jiƙe. Duk gangaren nan ta cikin ƙirjinta ya bi. Mutum takunsa gajere ne, yawanci da takalmin taya a ƙafarsa, kuma ba ya kai baki ƙasa, shi ya sa abin ya tsaya a tururuwa. Na ce da wani ya tako kan bututun nan ba takalmi, injin yana aiki, da yanzu ba maganar jaka muke yi ba.

Muka buɗe moton. Rufin ɗakin yana yoyo daidai kansa, ruwa ya shiga, rigar wata waya ta ƙone ta taɓa jikin ƙarfe. Mai niƙa bai taɓa ji ba, saboda moton a kan katako yake, bel kuma ba ya ɗaukar wuta. Wayar ƙasa ta yi aikinta, ta kwashe wutar ta kai rami. Amma ramin bai yi zurfin da zai ja wuta mai yawa har fis ya tsinke ba, sai ta tsaya tana tsiyaya a lungu. Maganar yoyon rufi Alhaji bai ji ta ba, ko kuma ya ji ya bar ta a nan. Maganar simintin tsakar gida ma ban tayar ba, don ba shi ne mai sana'ar ba. Ta ramin ya riƙe. A take ya ce in manta da gidan Tarauni, kuma kafin la'asar duk Gyaɗi-Gyaɗi ta san wanda wayarinsa ya kashe jaka.

Na je gindin dogon yaro, na ciro filayar na ajiye a kan bencin. Malam Habu ya dube ta, ya dube ni. Ya ɗauka ya jefa a aljihu.

"Na faɗa, kuma ba na janyewa," in ji shi. "Amma da ka ce falwaya ce, ko gaisuwa kada ka ƙara yi min. Gobe ka zo shago. Ba ka taɓa waya. Rami za ka riƙa haƙa min, sai ranar da na ga dama."

Shekara guda da wata huɗu na yi ina haƙa ramin at a gidajen Tarauni kafin ya ga damar. Maganar mayar wa Baba Tanko jaka kuwa an yi ta daga baya a zauren mai unguwa, ba ita nake ba ku labari ba.

Ranar dai ban tafi gida ba. Ko an gyara moto, gishirin yana nan, kuma awakin unguwa za su gano shi in ma ba su riga sun gano ba. Na ari diga da shebur na fara tone ramin. Jama'a suka watse, aka kwance igiya, ƙafafu suka tattake tokar. Ƙasar tana fitowa baƙa da gawayi, da farin gishiri a jiki, na tara ta tsibi guda a gefe. Sai na tsaya ina tunanin da me zan kwashe ta in kai ta kududdufi, don ba zan bar ta a nan ba.

Ina tsaye sai ga Baba Tanko ya dawo, yana jan namijin. Jakin ya zo daidai wurin ya ɗan tsaya, ya shinshina, sannan ya wuce a miƙe. Na ce, "Baba, ka yafe min." 

Ya daɗe yana kallon ramin.

"Jakar nan ita ta ɗauko min tsohuwata daga ƙauye," in ji shi. "Kwana huɗu muna tafe, ba ta durƙusa ba ko sau ɗaya."

Ya dubi tsibin ƙasar, ya dube ni da shebur a hannu. Sai ya juya wajen jakin. Mangala biyu ce a bayansa, ɗaya a kan ɗaya. Ya sauke ta saman ya kakkaɓe ta, ya ajiye a gabana.

"Kwashe da wannan, ɗana. Tata ce. Ba mai ɗauka yanzu."

Sawu goma sha ɗaya na yi zuwa kududdufi da ita a kafaɗa.